Karta a Gaban Gawar Mang Gorio

Erlinda ta jefa tara ja a tsakiyar tebur ba tare da ta dubi katin ba. Babban yatsan Mang Inggo take kallo. Ni ma da na gaji da kallon tukunyata na kai ido wurin, sai na ga yatsan ya ɗan zabura a bayan katinsa, sannan ya yi lamo.

"Ɗauka mana, Mang Inggo," in ji ta. "Tun ɗazu kake mata addu'a."

"Ni? Wa ya gaya miki?"

"Yatsan nan naka. Gobe ka baro shi a gida in kana son ka ci abinci."

Aka yi dariya a ƙarƙashin tamfol. Mang Inggo ya ɗauki katin yana ƙunƙuni, ya haɗa da biyun da ke hannunsa, ya shimfiɗa tara uku a gabansa, har da gyara zama. Da zagaye ya dawo kan Erlinda, sai ta zaro tara ta huɗu ta ɗora masa a kai. Duk wanda ya san tongits, wasan kartar da muke yi, ya san abin da ta yi. Wanda aka ɗora wa kati a kan shimfiɗarsa an ɗaure masa hannu ke nan, ba shi da bakin cewa a buɗe kati a ƙirga a wannan zagayen. Ta ba shi abin da yake so ne don ta sami inda za ta sauke nata.

"Kai, wannan yarinya mayya ce!" in ji Mang Inggo. Ya juya baya ya ɗaga murya: "Gorio, tashi ka ga abin da 'yarka ke yi wa abokinka!"

Gorio bai tashi ba. Yana kwance a ƙofar gidansa cikin farin akwati mai murfin gilashi, sanye da farar rigar da ya yi aure da ita, fitila ɗaya a kansa ɗaya a ƙafarsa. An tare lungun da tebura da kujerun roba. Iskar da ke tasowa daga kasuwar kifi tana kaɗa gefen tamfol, ƙasa kuwa ta cika da ɓawon gyaɗa da guntun sigari, don ba a shara sai an binne mamaci.

Haka muke zaman makoki a garinmu Navotas na bakin teku, ban kuma san wata hanya ba. Talaka ba ya mutuwa da kuɗin akwati a aljihu, sai a kafa tebura a gaban gawa, duk hannun da aka ci a cire la'ada a jefa a gwangwani don iyalinsa. Muddin kuwa akwai gawa, 'yan sanda ba sa ganin karta. Su zo, su cire hula, su sha kofi, su wuce. Ni Choleng, katanga ɗaya ce tsakanin ɗakina da na su Gorio, faten shinkafa da citta nake sayarwa a bakin rumfa, kuma ba zan ɓoye ba, ciniki yana kyau idan an yi mutuwa.

Teburan na Boyet ne. Tamfol nasa, kujeru nasa, karta tasa, ita kanta Erlinda shi ke biyan ta don ta zauna a duk makokin da ya kafa rumfa, kada tebur ya huce. Ran nan da yamma ya zo yana sharce gumi da ɗan tawul, ya durƙusa gefen Pacing, matar Gorio, inda take zaune a jikin akwati.

"Aling Pacing, yaya ƙarin haƙuri? Kin ga jama'a kuwa? Mang Gorio mutumin mutane ne, har daga ƙetaren gada ake zuwa masa."

"Lahadi," in ji Pacing.

"Ai ban ce komai ba tukuna."

"Na san abin da za ka ce. An sallami gidan gawa, an sallami masu kabari. Lahadi za a binne shi, Boyet. Kartar nan ta cinye masa kwale-kwale yana da rai, ba za ta haɗa da gawarsa ba."

Boyet ya yi murmushi ya miƙe. "Yadda kika ce, Aling Pacing. Ki dai yi tunani." Ya zo wurina ya ce a zuba masa fate da ƙwai biyu, ya ci a tsaye yana ƙare wa teburansa kallo.

* * *

Gorio ne ya koya wa Erlinda karta tun ƙafarta ba ta taɓa ƙasa daga kan kujera. Ta cikin katanga nake jin su, Pacing tana masifa a kan murhu, shi yana karantar da 'yarsa. Kada ki kalli katinki fiye da sau ɗaya, ba zai canja ba. Kalli abin da mutum ya zubar, shi zai gaya miki abin da ya riƙe. Wanda ya yi saurin shimfiɗa kati matsoraci ne. Wanda ya ƙi shimfiɗawa har kati ya kusa ƙarewa maƙoshi ne ke jan sa, ki bar shi ya ƙone da kayansa a hannu. Duk wannan Gorio ya sani, amma fuskarsa ta ci amanarsa har ya mutu. In ya sami sarki, kunnensa ma dariya yake yi.

Ita Erlinda ta ɗauki karatun ta wuce malaminta. Ta kashe fuskarta murus. Ci da faɗuwa duk ɗaya ne a idonta, kuma tun da aka dawo da ubanta daga asibiti ban ga ɗigon hawaye a kumatunta ba. Matan lungu suna ta tsegumi a kai. Ni na san ba taurin zuciya ba ne. Yarinyar ta daɗe tana hana fuskarta magana, har ta manta yadda ake ba ta izini.

Pacing ce mai kukan. A kwanakin farko sai ta kifa kai a kan gilashin, tsofaffin mata su taso su janye ta, suna kiran ta Mare, wato ƙawa.

"Mare, kada hawaye ya taɓa akwati! So kike ki nauyaya masa tafiya?"

Sai ta koma kujera ta haɗiye. Ba a bar ta ta yi shara ba, ba a bar ta ta taje kanta ba, ba a bar ta ta raka baƙo ko bakin lungu ba, girki ma maƙwabta sun karɓe. Matar da tun tana budurwa take feɗe kifi daga asuba har hannu ya yi kanta, yanzu ga hannayen a kan cinya ba su da aikin yi. Nakan gan ta tana murza gefen zaninta har zare ya fita. Barci ba ya ɗaukar ta, abinci ba ya shiga, ga mijinta kwance a gabanta an hana ta yi masa kuka yadda take so.

Wata rana da tsakar rana, lokacin da zafi ke korar mutane, tebur ɗaya ya rage da mutum biyu, Erlinda da Mang Inggo. Tongits kuwa ba ya yiwuwa sai da uku. Boyet ya duba hagu ya duba dama, ya ja kujera.

"Aling Pacing, zo ki riƙe mana wurin nan kawai, kafin wani ya zo. Ba kuɗinki ba, nawa ne."

"Ni? Ka taɓa ganin na taɓa ƙazantar nan?"

"Zo mana, Pacing," in ji Mang Inggo. "Ko banza ki rama wa mijinki. Rabin kwale-kwalen nan a cikina yake."

Ban san abin da ya tashe ta ba. Wataƙila hannayen ne suka gaji da zama. Ta zo ta zauna a bakin kujera, ta riƙe katin da hannu biyu kamar an ba ta jaririn wani.

Boyet ya kalli Erlinda ya ɗan ɗaga gira. Na san wannan girar. Ita yake ɗagawa duk lokacin da sabon shiga ya zauna, ma'ana a ciyar da shi kati ya ci, don ya dawo gobe. Erlinda ta dubi uwarta, sannan ta fara zubar da katin da ta san uwar na buƙata, ɗaya bayan ɗaya.

"Nanay," ta ce wa uwarta, "ɗauki wannan. Ki haɗa da shida da bakwai ɗin da ke hannunki."

"Ya aka yi kika san ina da su?"

"Kin jera su gefe guda kina ta shafa su. Shimfiɗa. Yanzu zubar da sarkin nan, nauyi ne kawai."

Kafin a jima hannun Pacing ya zama wayam, ba kati ko ɗaya. Ta dube su a rikice.

"To yanzu fa?"

"Yanzu ki ce tongits, ki kwashe kuɗin Mang Inggo."

Pacing ta yi dariya. Gajeriyar dariya ce, ta fito mata ba shiri, har ta rufe baki da hannu ta waiwayi akwatin. Ranar ta ci fatena kwano guda, ta kuma yi barci a zaune. Na ji daɗi, wallahi na ji daɗi. Na ce wa Erlinda ta kyauta.

* * *

Kashegari ba wanda ya kira ta, da kanta ta ja kujera. Pacing ba daƙiƙiya ba ce. Macen da ta yi shekaru tana ciniki da dillalan kifi ta san ƙarya tun kafin a buɗe baki, sai dai ba ta taɓa sanin wannan sanin yana da amfani a kan tebur ba. Ta koyi riƙe haɗaɗɗen kati a ɓoye, ta koyi ɗaure hannun wanda ke shirin cewa a buɗe, ta gane cewa Mang Inggo yana tari ne idan ya rasa abin zubarwa. Abu ɗaya ya rage mata.

"Nanay," in ji Erlinda wata yamma tana cuɗa karta, "duk lokacin da hannunki ya yi nauyi sai ki juya ki kalli akwatin Tatay. Kowa a lungun nan ya gane. Har Aling Choleng da ke can bakin tukunya ta gane."

"Ni ba ruwana," na ce.

"To ya zan yi?" in ji Pacing.

"Ki daina kallon sa in kina wasa."

Ta daina. Ta juya kujerarta ta ba akwatin baya, kuma tunda yanzu kusan kullum tana wasa, sai ya zama kusan kullum baya ta ba shi.

Lahadi ta zo. Pacing ta ce a jira ƙanen Gorio da ke tsibirin Masbate, bai sami jirgin ruwa ba. Kowa ya san rabon Gorio da ƙanen nan tun kafin a haifi Erlinda, amma ba wanda ya tanka. Boyet ya ƙaro tebura, ya ƙaro fitilu. Ni ma na ƙaro tukunya. Wata Lahadin ta zo, aka ce fadan coci ya yi tafiya. Ta gaba ba a ma nemi dalili ba.

Masu zuwa yanzu ba su san Gorio ba. Wasu ko gaban akwatin ba sa tsayawa, daga keke sai tebur. Na ji wani yana tambayar abokinsa ko mamacin mace ce ko namiji. Furanni suka bushe aka kawo na roba. Sharar ƙasa ta taru har tana danne sawu, ɓeraye suka daina jin kunyar mutane. Pacing kuwa ta yi ƙiba kaɗan, ta sayi tabarau don ganin kati, ba ta kuka, ba ta dariya. In ta ci ta tattara, in an cinye ta ta miƙa hannu a raba wani.

Erlinda ce ta fara tsayawa a kan gilashin. Mai karanta fuska ba ta iya ƙin karantawa. Wata safiya ta kira ni da hannu.

"Aling Choleng, zo ki duba. Ko idona ne?"

Ba idonta ba ne. Gefen kunnen Gorio ya yi duhu, duhun ya gangaro wuya. Hodar da aka shafa masa ta tsattsage, leɓensa na sama ya janye har haƙori ya leƙo. Cikin gilashin ya yi gumi. Akwai kuma wani abu a iskar wurin da ba na kasuwar kifi ba.

"Wannan ba Tatay ba ne," ta ce. Muryarta ba ta rawa, irin wadda take cewa a raba kati da ita ce. "Saura kaɗan in kasa tuna yadda yake."

Ranar ba ta zauna a tebur ba. Ta je gidan gawa da ƙafarta, ta je coci, ta je maƙabarta. Da ta dawo ta ce wa Boyet ya nemi wata, ita ta bar masa aiki. Boyet ya ɗaga kafaɗa. Yana da wadda ta fi ta jan jama'a yanzu, don mutane har layi suke yi su gwada hannu da matar mamaci.

* * *

Da hantsin Lahadi motar gawa ta tsaya a bakin lungu, don ba ta iya shigowa. Direba ya zauna a ciki, abokin aikinsa ya sauko da 'yar baƙar jaka ya jingina da katanga. Erlinda ta fito cikin fararen kaya, ta tsaya a kan uwarta. Pacing tana wasa da Boyet da wani baƙo.

"Nanay, mota ta zo."

"Wace mota?"

"Kin sani. Tashi ki sa kaya."

"Wa ya aike ki?" Pacing ba ta ɗago ba. "Mijina ne. Ni zan ce ga ranar."

"Kin riga kin faɗa. Lahadi kika ce, kowa ya ji."

"Erlinda, bar tsohuwa ta huce mana," in ji Boyet. "Mako ɗaya ai ba..."

"Kuya Boyet, ba da kai nake ba."

Erlinda ta taɓa kafaɗar baƙon, ya tashi ba musu, ta zauna a kujerarsa ta tattaro karta.

"Hannu ɗaya, Nanay. In na ci, ki tashi mu kai shi. In kin ci, ba za ki sake jin bakina ba."

Pacing ta dube ta ta saman tabarau. "Raba."

Na bar tukunyata na matso. Ban taɓa ganin Erlinda ta yi wasa irin na ranar ba. Ba ta zubar da ko kati ɗaya da zai amfani uwarta ba. Boyet ya yi ta ƙoƙarin miƙa wa Pacing abin da take so, amma Erlinda ta ɗora masa kati har sau biyu, ta bar shi da sarakuna yana zufa. Ta shimfiɗa nata a hankali, ta sauke wannan, ta sauke wancan, har ya rage mata kati ɗaya a hannu. Daga inda nake tsaye ina ganin sa, uku ce baƙa.

Pacing shimfiɗa ɗaya kawai ta yi. Kati huɗu ne a hannunta, ta ƙanƙame su a ƙirji.

Da zagaye ya dawo kan Erlinda, hanya biyu ce a gabanta. Ko ta ci gaba da ja har ta sami inda za ta sauke ukun nan ta gama gaba ɗaya, ko ta ce a buɗe yanzu, wanda ragowar katinsa ya fi sauƙi ya ci. Ta tsaya tana karanta uwarta, ba ta ga komai ba. Fuskar da ta gina da hannunta ce ke kallon ta.

Sai Pacing ta juya. A hankali ta juya, har kujerar roba ta yi ƙara, ta kalli akwatin. Ta daɗe tana kallo. Haɓarta ta fara rawa, hawaye ya taru a ƙarƙashin tabarau, ya gangaro ya ɗiga a bayan hannunta. Na ce a raina, ga Pacing ta dawo.

Erlinda ta sauke numfashi. "A buɗe."

Boyet ya kife katinsa, ya ce shi ya janye. Erlinda ta ajiye ukunta a fili, ta fara ture kujera baya za ta miƙe.

Pacing ta juyo, ta share kumatu da bayan hannu, ta baje nata. Sarauniya uku ne a haɗe, waɗanda ba a lissafa su, sai ɗaya ja tilo.

"Ɗaya," ta ce. "Ke uku."

Ba wanda ya yi dariya, ba wanda ya tafa. Mang Inggo ya cire hularsa ya mayar. Erlinda ta kalli katin, ta kalli sauran danshin da ke fuskar uwarta.

"Nanay, hawayen fa?"

"Ke kika ce kowa ya gane," in ji Pacing. Ta jawo karta gabanta, don wanda ya ci shi ke rabawa. "Za ki yi, ko a ba wani kujerar?"

Na jira in ji wani abu a ƙirjina, fushi ko tausayi, ban ji komai ba. Erlinda ta koma ta zauna da fararen kayanta. Kati ya fara sauka a gabanta ɗaya bayan ɗaya. Da ya cika ta sa hannu ta ɗauka.

Boyet ya je bakin lungu ya yi magana da direba, motar ta ja da baya ta tafi. Mai baƙar jakar bai bi ta ba. Ya zo wurin akwatin, ya ce tunda za a ƙara kwanaki sai an ƙara wa gawa magani an gyara fuska, 'yan uwa su ɗan ja baya. Ba ɗan uwan da ke wurin balle ya ja baya. Ya roƙe ni in riƙe masa labule, na riƙe, na kau da kai ina numfashi ta baki.

Ya yi aikinsa da allura, sannan ya buɗe wani ɗan faranti mai gidaje-gidaje, kowane gida da kalar hodarsa. Ya dubi fuskar Gorio, ya dubi farantin, ya sosa ƙeya.

"Aling, da can wace kala ce fatarsa? Fari ne ko yana da duhu?"

Na buɗe baki in ba shi amsa. Shekara da shekaru muna gaisawa da Gorio kowace safiya a bakin famfo, amma na duba cikin kaina ban same shi ba. Na leƙa ta gefen labule.

"Mare! Wai wace kala za a sa masa?"

Pacing tana jera katinta. "Duk wadda ya ga dama," ta ce.

Mutumin ya ɗaga kafaɗa, ya dangwala burushi a gidan da ya fi cika, ya fara daga goshi.